Tsakanin Iska da Teku: Yadda Igiyar Ruwa Ke Tashi, Ta Girma, Ta Yi Doguwar Tafiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Legas, ko Kwatano, ko Lome, da sassafe lokacin da ko ganye ba ya motsi, ya ga wani abin ɗaure kai. Iska a kwance take, amma ga igiyar ruwa tana tahowa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe har ta kai tsayin mutum, ta kife da rugugi. An ce iska ce ke tayar da igiyar ruwa. To ina iskar? Ruwa dai ba ya tsami banza. Iskar ta busa, sai dai ba a nan ba, ba kuma yau ba. Amma kafin a kai ga inda ta busa, sai an fara gane abin da ke wakana a daidai inda iska ke taɓa ruwa, domin abin da ke tsakaninsu ba umarni ba ne daga sama zuwa ƙasa. Ciniki ne, kowa na bayarwa, kowa na karɓa.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne zaton cewa ruwan ne ke tafiya. Ba shi ba ne. A jefa gorar roba a tsakiyar teku a zuba mata ido. Idan tozon igiya ya iso, za ta ɗaga sama ta matsa gaba kaɗan. Idan kwarin ya biyo, ta sauka ta dawo baya. Zagaye take yi kusan a wuri ɗaya, igiyar kuwa ta wuce abinta. Abin da ke tafiya ƙarfi ne, ruwa hanya ce kawai. Wannan zagayen yana raguwa da sauri idan aka nutsa ƙasa. A zurfin da ya kai rabin tazarar da ke tsakanin tozo da tozo, motsin ya kusan ɓacewa. Shi ya sa jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, idan ya nutsa sosai, ba ruwansa da hayaniyar da ake yi a sama.

Daga shafaffen ruwa zuwa ƙananan tsage

Ruwa yana da wani ɗauri a samansa, irin wanda ke sa ƙwaro ya yi tafiya a kan kududdufi bai nutse ba. Idan iska ta fara kaɗawa, abin da take fara samarwa shi ne 'yan ƙananan tsage waɗanda tazararsu ba ta kai santimita 2 ba. Wannan ɗaurin ne ke ƙoƙarin shafe su. Da zarar tazarar ta haura kusan santimita 1.7, sai aikin mayar da ruwa wurinsa ya koma hannun nauyin ruwan kansa: tozo ya tashi, nauyi ya danno shi, ya zarce ƙasa, ya sake tasowa.

Waɗannan ƙananan tsagen kada a raina su, su ne mariƙin da iska ke kamawa. Benjamin Franklin na Amurka ya nuna haka a wani tafki da ke Clapham a birnin Landan, ya kuma ba da labarin a wata wasiƙa da aka buga a 1774. Cokalin shayi ɗaya na mai ya zuba a ruwa ranar da ake iska, man ya bazu har ya rufe kusan rabin eka, wurin ya kwanta sumul. Man bai tsayar da iska ba, tsagen ya kashe, iska ta rasa abin riƙewa. A yau wannan dabi'a ce ke tona asirin malalar mai a teku. Na'urar radar da ke kan tauraron ɗan Adam tana aiko da sigina, ƙananan tsagen su mayar mata da shi. Inda mai ya shafe su, hoton sai ya fito baƙi. Da haka aka ga girman malalar rijiyar Bonga a gaɓar Neja Dalta a Disambar 2011. Da irin wannan dabarar kuma ake auna gudun iska a tsakiyar teku daga sararin samaniya, tun zamanin tauraron Seasat a 1978: yawan tsage, yawan iska.

Tambayar da ta fi ƙarni tana wahalar da masana ita ce: ta yaya iska, wadda ruwa ya fi ta nauyi kusan sau 800, ke iya tura ƙarfinta cikinsa har ta gina tudun ruwa mai tsayin bene? A 1871 masanin kimiyya Lord Kelvin na Birtaniya ya yi lissafi ya ce sai iska ta kai gudun mita 6.5 a daƙiƙa kafin igiya ta tashi. Duk masunci ya san ba haka ba ne, domin iskar da ba ta fi mita ɗaya a daƙiƙa ba ma tana motsa fuskar ruwa. A 1925 Harold Jeffreys ya kawo tasa shawarar: iska na dukan bayan tozo da ƙarfi, gabansa kuma ya zama mafaka mai ƙarancin matsi, wannan bambancin ne ke tura igiyar gaba. Magana ce mai shiga hankali, amma da aka auna a ɗakin gwaji, bambancin matsin bai kai yadda lissafin ke buƙata ba. Har a 1956, masanin lissafi Fritz Ursell ya fito fili ya ce hanyar da iska ke haifar da igiyar ruwa ba za a ce an san ta ba.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1957, mutum biyu suka fito da amsa biyu, kowa daga tasa kusurwar. Owen Phillips ya lura cewa iska ba ta tafiya a miƙe. Cike take da ƙananan jujjuyawa, kowace na danna ruwa nan, ta saki can, tana kuma tafiya tare da iskar. Idan gudun wannan dannawar ya yi daidai da gudun wata 'yar igiya, sai ta riƙa samun turi a daidai lokacin da ya dace, kamar yaro a kan lilo wanda ake tura shi duk sa'ad da ya dawo. Turin ba sai ya yi ƙarfi ba, ya dai zo a kan kari. Wannan ya bayyana haihuwar igiya, amma girman da yake bayarwa a hankali yake.

John Miles shi kuma ya duba abin da ke biyo baya, kuma a ganina nan ne kan maganar yake. Iska ba gudu ɗaya take ba daga sama har ƙasa. A daf da ruwa kusan a tsaye take saboda gogayya, idan aka ɗaga sama sai ta ƙara sauri. Ke nan akwai wani tsayi a saman ruwa inda gudun iska ya yi daidai da gudun igiya. A ƙarƙashin wannan tsayin igiya ce ke tsere wa iska, a samansa iska ce ke tsere wa igiya. Miles ya nuna cewa igiyar da ta riga ta tashi tana lanƙwasa iskar da ke kanta, kuma a wannan tsayin ne lanƙwasar ke sauya wurin da matsi ke faɗawa, ya koma bayan tozo, daidai inda ruwan ke sauka. Danna abin da dama yana sauka ƙara masa ƙarfi ne. Igiya ta girma, ta ƙara lanƙwasa iska, iska ta ƙara danna ta. Girman sai ya riƙa ninkawa. Wato igiyar da kanta ce ke gyara iska yadda za ta ciyar da ita.

Tabbatar da wannan a tsakiyar teku ya ɗauki shekaru, saboda jirgin da za a ɗora na'ura a kansa shi ma rawa yake yi. Cibiyar binciken teku ta Scripps da ke Kalifoniya ta yi amfani da wani dandalin bincike mai kama da jirgin ruwa, abin mamaki, mai suna FLIP, wanda aka ƙera a 1962. Tsawonsa mita 108, a lokacin da yake wannan aiki ana jan sa a kwance zuwa inda ake so, sannan a cika gindinsa da ruwa ya miƙe tsaye, mita 91 a cikin ruwa, kansa kaɗai a waje. Ɗakunansa suna da ƙofofi a bango da ƙasa, saboda abin da yake bango da safe zai iya zama daɓe da rana. Awon da aka yi a kansa, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna alamar wannan tsayin da Miles ya yi hasashe.

Sharuɗɗan girma a bayyane suke: ƙarfin iska, daɗewar busawarta, da faɗin ruwan da take bi ba tare da shamaki ba. Na ukun ana ganinsa ko a madatsar Tiga ko tafkin Kainji. Gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta lafiya lau, ɗaya gaɓar kuwa ruwa na dukan kwalekwale. Abin lura shi ne tsayin igiya ba ya bin iska ƙafa da ƙafa. Idan gudun iska ya ninka, tsayin igiyar da ta gama girma ya kan ninka kusan sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a awa za ta iya kai igiya kusan mita 2. Mai kilomita 72 za ta kai ta fiye da mita 8, amma fa sai ta shafe fiye da kwana ɗaya tana busawa a kan ruwan da ya wuce kilomita 1,000. Shi ya sa hadarin damina, duk haukansa, ba ya tayar da irin wannan a tafki. Ba lokaci, ba fili.

Akwai kuma abin da iska ita kaɗai ba ta bayyana ba. A teku ana samun igiyoyin da gudunsu ya kai na iskar da ta haife su, har ya ɗan fi. Wa ya ciyar da su? Bajamushe Klaus Hasselmann ya amsa a 1962: igiyoyi suna musayar ƙarfi a tsakaninsu, huɗu-huɗu, kuma wannan musayar na kwashe ƙarfi daga matsakaita zuwa dogaye. Gwajin da aka yi a Tekun Arewa na Turai kusa da tsibirin Sylt na Jamus a 1968 da 1969, wanda aka fi sani da JONSWAP, ya gaskata shi. Wannan Hasselmann ɗin ne ya samu kyautar Nobel a 2021, kodayake a kan aikinsa na sauyin yanayi aka ba shi.

Igiya ba ta girma har abada. Idan tsayinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tazararta, tozon ya yi tsini ya kasa riƙe kansa, sai ya fashe ya zama farin kumfa. A ma'aunin da Francis Beaufort na rundunar ruwan Ingila ya tsara a 1805, mai matakai daga 0 zuwa 12, farin kumfa na fara bayyana jefi-jefi a mataki na 3, lokacin da iska ke gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa. Mafi yawan ƙarfin da iska ke zubawa cikin igiyoyi a nan take yake ƙarewa, ta wannan fashewar. Sai dai ba asara ba ce. Shi ne ke tura ruwan sama ya yi gudu, shi ke gauraya ruwan ɗumi na sama da mai sanyi na ƙasa, shi ke cusa kumfar iska cikin ruwa. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, kuma saurin wannan shanyewar na ƙaruwa sosai idan iska ta yi ƙarfi ana fashe-fashe. Kumfar da ta dawo sama ta fashe kuma tana watsa ƙwayoyin gishiri cikin iska, wasunsu su zama abin da tururi ke taruwa a kai ya zama gajimare.

Igiyar da ta bar gida

Ɗan abin da ya tsira daga fashewa shi ne ke yin tafiya. A ruwa mai zurfi, doguwar igiya ta fi gajeriya gudu. Wadda ke ɗaukar daƙiƙa 10 tsakanin tozo da tozo tana da tazarar mita 156, tana gudun kusan kilomita 56 a awa. Mai daƙiƙa 15 tazararta ta kai mita 350. Amma ƙarfin kansa, wato ayarin igiyoyin gaba ɗaya, rabin wannan gudun yake yi. Duk wanda ya jefa dutse a ruwa ya kalli zoben da kyau zai ga haka: tozo na fitowa daga bayan ayari, ya ratsa tsakiya, ya ɓace a gaba.

Saboda bambancin gudun nan, hargitsin da ke ƙarƙashin guguwa yana tace kansa a hanya. Dogaye su yi gaba, gajeru su biyo baya ko su mutu. Abin da ke isa gaɓa mai nisa jeri ne mai tsari, sumul, ba kumfa. Kuma dogayen nan kusan ba sa gajiya. A 1963 Walter Munk da abokan aikinsa suka jera tashoshin awo shida a Tekun Pasifik, daga New Zealand, ta Samowa da Hawayi, har Yakutat a Alaska. Suka bi sawun igiyoyin da guguwar kudancin duniya ta tayar, suka same su sun ƙetare fiye da kilomita 10,000, bayan sun bar yankin guguwar kuma ɗan abin da suka rasa kaɗan ne. Tun da dogaye ne ke riga isowa, daga yadda tazarar ke raguwa kwana bayan kwana ana iya lissafa nisan guguwar da ranar da ta busa.

Ga amsar abin da ake gani a Legas. Igiyoyin da ke dukan gaɓar Afirka ta Yamma galibi 'ya'yan guguwar kudancin Tekun Atlantika ne, can tsakanin Kudancin Amurka da ƙasan Afirka ta Kudu, inda iskar yamma ke busawa ba tsauni ba tudu. Tafiyar ta fi kilomita 5,000, tana cin kusan mako guda. Sun fi girma daga wajen Yuni zuwa Satumba, saboda lokacin ne ake hunturu a can kudu, guguwar ta fi zafi. Idan suka iso ruwa marar zurfi, ƙasa ta riƙe musu ƙafa, gudu ya ragu, tazara ta matse, tsayi ya ƙaru, har tsayin ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na zurfin wurin, sai su kife.

Ba a miƙe suke isowa ba, daga kudu maso yamma suke zuwa a karkace, don haka suna tura yashi gabas a kan gaɓa. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Legas tsakanin 1908 da 1912, sai suka datse wannan hanyar. Yashi ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta rasa mai kawo mata, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru har ya riƙa haurowa titi a Victoria Island. Irin haka ta faru a gabashin tashoshin Lome da Kwatano. Mutane kan ce teku ya yi fushi. Gaskiyar magana, hanyar yashi aka toshe.

Hasashen igiyar ruwa kuwa yaƙi ne ya haife shi. Munk da malaminsa Harald Sverdrup sun tsara hanyar lissafin farko a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓa, kuma ta shiga cikin abin da aka yi amfani da shi a saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandy ta Faransa a Yunin 1944. Daga nan aka gaji ma'aunin da ake amfani da shi har yau: a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi, a fitar da matsakaicinsu. Wannan ya kamata duk mai shiga ruwa ya sani. Idan hasashe ya ce mita 2, ba ana nufin nan ne iyaka ba. Cikin dubban da za su wuce, wata za ta kusan ninka haka. Wani lokaci ma ta zarce. Ranar 1 ga Janairun 1995, na'ura a dandalin bututun iskar gas na Draupner, a ruwan Norway, ta auna igiya ɗaya mai mita 25.6 a ranar da ma'aunin ke wajen mita 12. Kafin wannan rana, masana da yawa sun ɗauki labarin irin wannan igiyar a matsayin ƙarin gishirin matuƙan jirgi.

Abin da teku ke mayar wa iska

An daɗe ana lissafin yanayi kamar teku shimfiɗa ce da ke jiran umarni. Ba haka yake ba. Sabbin igiyoyi, gajeru masu tsini, suna riƙe iska da ƙarfi su rage mata gudu. Tsofaffi, dogaye masu tafiya kusan tare da ita, ba sa riƙe ta sosai. Ke nan iska mai gudu ɗaya tana iya fuskantar gogayya iri biyu, gwargwadon shekarun igiyar da ke ƙarƙashinta, kuma wannan na shafar yadda guguwa ke zurfafa ko ta lafa. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta haɗa lissafin igiyar ruwa da na iska a kwamfuta ɗaya tun 1998, kowanne na ba ɗan'uwansa bayani yayin da ake lissafi, hasashen duka biyun kuma ya gyaru. Akwai ma inda abin ke juyewa gaba ɗaya. A yankunan da iska ke kwance, irin mashigin tekun Gini, inda Legas take, doguwar igiyar da ta zo daga nesa ta fi iska gudu, sai ya zama ita ce ke jan iskar da ke daf da ita. A nan teku ne ke bayarwa.

Wurin da lamarin ya fi tsanani shi ne cikin mahaukaciyar guguwa. An ɗauka cewa gogayya za ta ci gaba da ƙaruwa muddin iska na ƙaruwa. Amma da haka ne, da teku ya riƙa taka wa guguwa burki tun kafin ta kai ƙarfin da ake gani. A 2003 Mark Powell da abokan aikinsa suka tattara awon ƙananan na'urori da jiragen sama ke saki cikin guguwa, suka gano cewa idan iska ta haura kusan kilomita 120 a awa, ma'aunin gogayyar ya daina hawa. A irin wannan gudun iska na yanke kan tozo ta watsa shi, kumfa ya rufe ruwa, feshi ya cika sama, har ba a iya nuna inda ruwa ya ƙare iska ta fara. Burki ya sassauta, ga shi kuma ruwan ɗumi na ci gaba da ba guguwar tururi da zafi, waɗanda su ne abincinta. A gefe guda kuma, motsa ruwan da take yi na tono mai sanyi daga ƙasa, wanda ke rage mata abincin. Wanda ya rinjaya tsakanin biyun ne ke sa wata guguwar ta ninka ƙarfi cikin dare ɗaya, wata kuma ta yi sanyi kafin ta kai gaɓa.

Hasashen hanyar da guguwa za ta bi ya inganta ƙwarai a shekarun nan, amma hasashen ƙarfinta yana biye a baya, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin 'yan mitocin nan na kumfa da feshi, inda ba jirgin da zai shiga da mutane. Shi ya sa aka koma tura na'urori. A ranar 30 ga Satumban 2021, hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, da kamfanin Saildrone suka shigar da wani ƙaramin jirgin ruwa marar matuƙi cikin guguwar Sam a Tekun Atlantika. Ya aiko da hotuna da awo daga cikin igiyoyi masu kusan mita 15 da iska mai gudun kusan kilomita 190 a awa, kuma an sake tura irinsa a damunan guguwa da suka biyo baya.